Masarar da Ta Iya Tsayawa a Hoto

Tun tana ƙarama ake ce mata Tsaf-tsaf, kuma wanda ya laƙaba mata sunan ba yabonta yake yi ba. Ita ce yarinyar da in an aike ta kai wa mahaifinta ruwa gona, sai ta tsaya a bakin rafi ta wanke ƙafa, ta wanke takalmi, ta zauna jiran su bushe. Kafin ta iso, tsohon ya haɗiyi yawu ya haƙura. Uwarta ta yi faɗa har muryarta ta dushe, a banza.

Da ta auri tela, mutane suka ce an dace, ga mai son kwalliya ga mai keken ɗinki. Ashe telan na faci ne. Gwiwar wando, hammatar riga, aljihun da ya ɓule, nan ya fi ƙarfi. Haka ta yi shekaru a ɗaki guda da tarin tsummokaran mutane, tana share guntayen zare daga ƙarƙashin gado safe da yamma. Ta haifi 'ya'yanta, ta rene su, suka watse neman na kansu, ba wanda zai ce ya taɓa ganin ta da ɗankwali a karkace.

A bangon ɗakin akwai hotonta na zamanin ƙuruciya, wanda aka ɗauka a shagon wani mai hoto. Zanen da ke jikinta na aro ne, agogon hannun ba ya aiki, bayanta kuwa labule ne da aka zana wa gidan sama da mota. Ta dafa furen roba tana kallon nesa kamar mai jiran direbanta. A wurin Tsaf-tsaf ma'anar hoto ke nan: mutum ya yi wanka, ya ari abin da ba shi da shi, ya tsaya inda ya fi haske. Wanda aka ɗauka ba shiri, cin mutuncinsa aka yi.

Da mahaifinsu ya rasu, gonarsa ta bakin rafi ta koma hannun yayanta, direban babbar mota, mutumin da ya fi sanin ramukan hanya a kan fuskokin 'ya'yansa. Gonar ta yi shekaru tana noma ciyawa da kanta. Sai wani mai buga bulo ya ƙyalla ido ya gan ta: ga yashi, ga ruwa kusa. Ranar da labarin ya zo kunnen Tsaf-tsaf, ta yafa mayafi ta nufi gidan Yaya, ta same shi ya dawo daga tafiya yana jiƙa ƙafa a roba.

"Ke? Noma?" in ji Yaya. "Ke da ko kaza ta ratsa miki tsakar gida sai kin bi sawunta da tsintsiya?"

"Yaya, gonar Baba ce fa. Ka bari a zuba mata siminti ina raye?"

"To me take ba mu yanzu? Macizai?"

"Ka ba ni damina ɗaya."

Ya dube ta, ya dubi ruwan da ke robar. "Damina ɗaya. In na ga masara, ki ci gaba da gona har tsufa. In ban gani ba, mai bulo na nan. Mutumin kirki ne, ko atishawa na yi sai ya bugo ya yi mini sannu."

Gaskiya dai a faɗe ta, Tsaf-tsaf ta ba mutane mamaki. Tsabtar nan da ta addabi gida da ita, da ta kai ta gona sai ta zama noma. Kunyoyinta miƙaƙƙu kamar an ja su da zare. Ciyawa kuwa ko leƙowa ta yi, ta gama yawo.

Masara na kai wa idon sawu, sai ga wata ƙungiya mai taimakon mata manoma ta iso a farar mota. Aka tara mata a ajin makaranta, kan bencin yara, gwiwa na neman taɓa haɓa. Wani mai tumbi, shugaban tafiyar, ya yi dogon jawabi a kan yadda waya za ta fitar da su daga duhu, a cikin ajin da ko ƙwan lantarki babu. Aka tafa. Aka raba hulunan hana-sallah ga mata masu ɗankwali. Aka sake tafawa. Sai da yunwa ta fara magana a cikin kowa sannan aka fito da wayoyin.

Malamar gona ce ta yi bayani, wata budurwa mai tabarau da takalmin roba har gwiwa.

"Iyayena, ku saurara da kyau. Kowane mako ku shiga gona, ku nemi shukar da ta fi kowace rashin lafiya, ku ɗauke ta hoto. Sai ku danna wannan koren ganyen. Murya za ta faɗa muku abin da ke damunta. In cuta ce, ni da kaina zan kawo magani har gona. Hoton kuma zai faɗa guruf ɗinmu na waya, kowa ta gani ta ƙaru."

Tsaf-tsaf ta ji, sarai ta ji. Ta dai yanke hukunci a ranta cewa yarinyar nan ba ta samu mai kwaɓarta a gida ba ne. A nemi mafi muni a ɗauka? A kuma baje wa jama'a?

Kusa da ita a bencin matar Yaya ce zaune, ta miƙe ƙafa ɗaya saboda ciwon gwiwa. Wake take nomawa a bayan gidanta. Mace ce da Allah ya yi wa baiwar ganin aibi: in ta shigo ɗakinka, kafin ta amsa sannu da zuwa ta gano yanar gizo-gizon da ke bayan ƙofa. Ta zunguri Tsaf-tsaf da gwiwar hannu.

"Kin ji ko? Duk abin da kika saka zan tura wa yayanki a hanya. Ya ce in zame masa ido."

"Ai tun da ya auro ki bai rasa ido ba," in ji Tsaf-tsaf. "Kunnensa ne dai ya rasa hutu."

Ranar hoton farko, Tsaf-tsaf ta zaɓi kusurwar gona ta wajen rafi, inda laima ta fi yawa. Ta tsinke ganyayen ƙasa da suka fara zama ruwan ɗorawa. Ta jiƙa tsumma ta goge sauran ɗaya bayan ɗaya. Ta jira rana ta ɗan karkata, ta ja da baya, ta danna. Sai ga muryar wata mace, mai laushi kamar ba ta taɓa cin bashin barci ba: "Sannu da ƙoƙari. Shukarki tana cikin ƙoshin lafiya."

Tsaf-tsaf ta tsaya cik. Duk tsawon rayuwarta tana gyara, ba wanda ya taɓa ce mata sannu da ƙoƙari. Ta dawo gida ta kunna wa tela muryar, ta sake kunnawa, ta kuma sakewa.

Tela, da allura a baki, ya ce, "Ni ma da za ki goge ni da tsumma ki tsayar da ni a rana, lafiya ƙalau za ta ce."

"Kai ko da sabulu aka dirje ka, faci za ta gani."

A guruf kuwa abin ba a cewa komai. Wannan ta saka ganye duk huji. Waccan ta saka babban yatsanta ya rufe rabin gona. Wata ta saka akuya. Matar Yaya ta saka wakenta ya yi laƙwas kamar mai zazzaɓi, ko kunya babu. A tsakiyar wannan asibiti sai ka ga masarar Tsaf-tsaf, koriya shar, tana sheƙi. Yaya ya bugo daga wata tasha, ana jin ƙarar injina a bayansa, ya ce ya nuna wa abokansa direbobi.

Masara ta kai gwiwa lokacin da ta fara ganin abin. Ƙananan tagogi a jikin ganye, kamar an kankare da farce. Ta leƙa cikin ƙoƙon wata shuka, inda sabon ganye ke fitowa, ta ga gari-gari kamar na katako. Ta sa tsinke ta tono, sai ga tsutsa, ƙatuwa, ta ci ta ƙoshi, ta naɗe abinta tana hutawa.

Ta ciro waya. Har ta saita. Sai ta hango hanyar da hoton zai bi: daga hannunta zuwa guruf, daga guruf zuwa matar Yaya, daga matar Yaya zuwa Yaya, daga Yaya zuwa mai bulo, wanda ba ya barin atishawa ta wuce. Ta sauke hannu. Ta dubi hagu da dama, ta kai wayar bakinta, ta rage murya.

"Baiwar Allah, tambaya ce. A ce wata maƙwabciyata ce, ba ni ba, ta ga tsutsa a masararta..."

"Don Allah ki ɗauki hoton shukar," in ji muryar.

"Ba na ce miki ba tawa ba ce? Magani kawai za ki faɗa."

"Don Allah ki ɗauki hoton shukar."

"Ashe ke ma 'yar gulma ce."

Ta tafi kusurwar rafi, ta goge ganye, ta ɗauka. Muryar ta yi mata sannu da ƙoƙari.

Daga ranar ta shiga yaƙi ita kaɗai. Ta barbaɗa toka. Ta yayyafa ruwan sabulu. Ta bi shuka da tsinke tun da sassafe tana tsintar tsutsa a gwangwani. Amma hannu biyu ne da ita, gona kuwa gona ce. Don haka ta yi abin da ta ga ya fi hankali: ta tattara ƙarfinta a layukan bakin hanya, inda masu wucewa ke gani, da kusurwar rafi, inda waya ke gani. Tsakiya ta bar wa Allah da tsutsa.

Sau da yawa takan ji ƙarar babur, ta ɗago ta ga malamar gona ta wuce da jarkar magani ɗaure a baya, za ta gonakin masu munanan hotuna. Malamar takan ɗago hannu cike da fara'a. "Sannu Mama! Ke kam ba ki da matsala!" Tsaf-tsaf takan ɗaga mata hannu, ɗaya hannun na ɓoye gwangwani a bayan zane.

Kusurwar ma tsutsa ta fara yi mata sallama. Hotunan suka riƙa matsowa. Da layi guda ake gani har da sararin sama, sai ya koma 'yan shuke-shuke, sai ya koma shuka guda, daga wuya zuwa sama. Matar Yaya ta saki murya a guruf: "Tsaf-tsaf, gonar ce ke ƙanƙancewa, ko idonki ne ya fara tafiya? Mako mai zuwa ƙwayar masara za mu gani ita kaɗai tana murmushi?" Mata suka yi ta dariya. Tsaf-tsaf ta amsa cewa mai abu mai kyau ba ya tsoron a matso.

Tela ne kaɗai ya san komai, don shi ke ganin gwangwanin.

"Wannan faci kike yi," ya ce mata wata safiya. "Ni na san faci. In ramin ya fi ƙyallen girma, sai a gaya wa mai riga gaskiya."

"Ka bar ni in kai girbi."

"Ranar girbin hoto za ki ɗura a buhu?"

Ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share.

Ana cikin haka malamar gona ta bugo, murna har tana sarƙe mata numfashi. Na'urar ƙungiya ta duba hotunan mata kaf, ta gano gona guda da ba ta taɓa ko ciwon kai ba tun shuka. An zaɓi Tsaf-tsaf gwarzuwar manoma. Manyan baƙi na zuwa da mai hoto, za a buga fuskarta a fosta. Kafin ta gama jin wannan, Yaya ya bugo: ya nemi hutu, zai zo da kansa.

Ranar zuwan baƙi, motoci suka tsaya a bakin hanya. Mai tumbi ya fito, ya dubi laka, ya dubi takalminsa, ya ce ai daga nan ma ana ganin komai. Mai hoto ya zagaya, ya zagaya, ya kai kusurwar rafi ya ce, "Yauwa! Nan ya fi haske." Ya ma sa hannu ya tsinke wani ganye mai huji da ya leƙo, ya jefar. Tsaf-tsaf ta dube shi da wani irin girmamawa. Ashe ba ita kaɗai ta san aikin ba.

Aka ɗora mata hana-sallah a kan ɗankwali, aka ce ta riƙe waya sama, ta yi dariya. Mai tumbi ya yi jawabi a kan abin da ke faruwa in mace ta rungumi zamani. Yaya na gefe cikin sabuwar riga, yana gaya wa duk wanda ya tsaya kusa cewa ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya ba ta gonar. Komai ya tafi daidai. Baƙi suka fara komawa mota. Saura kaɗan yini ya wuce lafiya.

Sai dai an goyo matar Yaya a babur, ita da gwiwarta. Ba ta kalli mai jawabi ba ko sau ɗaya, ƙasa take kallo. Tsaf-tsaf na ganin ta ta ɗingisa zuwa layin gaba, ta sa hannu ta buɗa masara kamar labule, ta zura kai. Ta daɗe a haka. Da ta fito, Tsaf-tsaf ta gyara tsayuwa tana jiran guɗa da shela.

Matar Yaya ta matso, ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Tun yaushe?"

"Tun tana gwiwa."

"Kika yi shiru don kar in gani?"

Tsaf-tsaf ta kawar da kai.

"Amma ke wawiya ce ta gaske. Maganin da malama ta kawo mini ya ragu, yana nan bayan randa tun tuni. Da dariya zan yi miki, ƙwarai kuwa, in yi har in gaji. In na gama in aiko miki da shi."

Wannan maganar ta fi shelar zafi. Tsaf-tsaf ta cire hana-sallah, ta ɗaga murya. "Yaya! Zo ka ga gonar da kyau. Malama, ke ma zo."

Ta shige gaba suka bi ta. Bayan layukan bakin hanya, masara ta tsaya tsirara, ganye ya zama zare-zare kamar tsummokaran ɗakin tela, wasu ko kai babu. Yaya ya yi ta tafiya yana taɓawa. Malamar gona ta cire tabarau ta goge ta mayar, ko gilashin ne.

"Mama, me ya sa? Na ce muku mafi muni!"

"'Yata, ke kin taɓa tura wa mutane hotonki kin tashi daga barci?"

Malamar ta mayar da idonta kan masarar.

Tsaf-tsaf ta ɗaga waya a kan shukar da ta fi kowace lalacewa, ta rufe ido ɗaya kamar mai shan magani mai ɗaci, ta danna. Muryar ta fito da laushinta na kullum: "Shukarki tana da tsutsa. A fesa magani tun shukar tana ƙarama."

"Madalla," in ji Yaya. "Ki ce mata mun gode."

Daga bakin hanya aka turo a tambayi ko lafiya. Da labari ya kai wa mai tumbi, ya ce lallai wannan abin dubawa ne, za a zauna a kai. Ya tambayi mai hoto ko hotunan sun fito. Sun fito. Motoci suka tashi. Fostar ma an buga ta, an ce tana nan a ofishinsu, Tsaf-tsaf na dariya a ƙarƙashin hula.

Yaya ya zauna a kan kunya da sabuwar rigarsa.

"Damina ɗaya muka ce," ya faɗa. "Na cika nawa."

Matar Yaya ce ta ɗingiso ta tsaya a kansa.

"Kafin ka kira abokin atishawarka, dubi ƙasa. Ka ga ciyawa? Nemo mini ɗaya in cinye ta a gabanka. Noma ta iya, hankali ne babu. Hankalin ni zan riƙa kawowa."

"Ke da wace gwiwar?"

"Da bakina zan zo, shi lafiyarsa ƙalau."

Yaya ya shafa fuska, ya daɗe yana kallon rafi. Ya ce ya riga ya sa wa mai bulo rai, ba zai sallame shi hannu wofi ba. Rabin gona na sama ya tafi ga mai bulo. Rabin ƙasa ya rage wa Tsaf-tsaf, da sharaɗi: ta yi noma, amma waya a hannun matarsa za ta zauna ranar hoto.

Abin da aka girbe a shekarar, tela ne ya ɗauko shi a bayan kekensa, bai ko sauka a hawa ba.

Da damina ta zagayo, injin bulo na ta bugawa a inda mahaifinsu yake ɗaure jakinsa. Tsaf-tsaf takan juya masa baya in tana aiki. A rabin da ya rage, matar Yaya ta samu sana'ar da aka halicce ta dominta. Takan sauka daga babur, ta ratsa lafiyayyun shuke-shuke ba ko kallo, ta je ta tsaya daidai kan wadda ta fara tagogi.

"Ga ta! Zo ki ga 'yarki."

"Duk gonar nan ita kaɗai kika gani?"

"Sauran ba su kira ni ba."

Matar Yaya ta ɗauki hoton shukar ta tura. Washegari malamar gona ta kawo magani da tankin feshi, ta ajiye ta wuce. Matan biyu suka tsaya suna kallon tankin.

"To, goya," in ji matar Yaya. "Ni gwiwa."

"Gwiwar nan ta san lokacin tashinta."

Tsaf-tsaf ta durƙusa, matar Yaya ta ɗora mata tankin a baya, ta ja igiyar da ƙarfin da bai yi kama da na mara lafiya ba. Suka shiga tsakiyar masara, ɗaya na fesawa, ɗaya na biye tana nuna inda aka tsallake.